Ku Tambayi Mai Farmasi: Shin Kwamfuta Ta Fara Nemo Mana Magani?

Assalamu alaikum, masu karatu. Yawancin saƙonnin wannan wata a kan abu guda suka sauka, wato labarin da ake ta ji a rediyo da waya cewa ƙirƙirarriyar basira ta shiga harkar neman magani. Na ɗauki waɗanda suka tattara abin da sauran ke tambaya. Kamar kullum, na cire sunaye na bar unguwa.

TAMBAYA: Dokta, ina wuni. Ni ɗaliba ce, ina karatun jinya a nan Damagaram. A lakwal an koya mana cewa magunguna da yawa suna aiki ne ta makarɓan saƙo da ke jikin tantanin ƙwayar halitta, amma gaskiya haddacewa na yi don jarrabawa. Yanzu kuma na ji wai kwamfuta ce ke nemo magungunan da ke kama waɗannan makarɓan. Don Allah ku fayyace mini yadda ni ma zan iya fayyace wa mahaifiyata.
Ɗaliba, daga Tudun Jamus

AMSA: 'Yata, madalla da wannan tambaya. Mahaifiyarki za ta gane, don abin ba shi da nisa da gida.

Dubi gidajen Birni. Baƙo ba ya zarcewa ciki. A zaure yake tsayawa ya yi sallama, yaro ya fito ya ji abin da ke tafe da shi, ya ruga ya faɗa wa na ciki, sai ki ga gida ya motsa. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu gida ce mai katanga, katangar kuwa ita ce tantanin nan mai maiƙo da aka koya muku. Sinadaran da ke kai saƙo a jiki, irin su adirenalin da histamin da oksitosin, ba sa tsallake katanga, a zaure suke tsayawa. Zauren shi ne makarɓin saƙo: furotin ne da ya ratsa tantanin, kansa ɗaya a waje, ɗaya a ciki. Yaron aiken kuma wani furotin ne da ake kira G, yana zaune daga ciki yana jira, kuma da sunansa ake kiran babban dangin nan GPCR. Magani ɗayan biyu yake yi. Ko ya zo da kamannin baƙon gaske ya yi sallama a ruga da saƙo, ko ya zauna ya cika zauren bai ce komai ba, baƙon gaske ya zo ya rasa wurin tsayawa.

A hunturun da ya wuce, bayan sallar isha'i, wani mai kabu-kabu ya shigo farmasi ɗauke da ɗansa da bai wuce shekara shida ba. Ƙura ta tayar masa da fuka. Ramin wuyansa yana lotsawa da kowane numfashi, ƙirjin na fito, ko kuka ya kasa. Na huda gindin gorar ruwa ta roba, na cusa bakin ɗan famfon salbutamol, na sa masa bakin gorar a baki, na fesa, ya ja, na sake. Kafin uban ya gama kwance rawaninsa, kafaɗun yaron sun sauka, ya fara tari, ya nemi ruwa. Daga nan muka tura su asibiti. Abin da ya faru a ƙirjin yaron nan shi ne darasinku gaba ɗaya: salbutamol ya tsaya a makarɓin da ake kira beta-2 a jikin naman da ya shaƙe hanyoyin iska, ya yi sallama irin ta adirenalin, naman ya saki.

Irin waɗannan makarɓai kusan 800 ne a jikin ɗan Adam. Kusan rabinsu na sansanar wari da ƙamshi ne, wasu na gani, wasu na ɗanɗano. Wani lissafi da aka buga a 2017 ya nuna magunguna 475, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su, duk a kan wannan dangi suke aiki, kuma makarɓai 108 kacal suke taɓawa. Atenolol da losartan na hawan jini, cetirizine na ƙaiƙayi da atishawa, morfin, da oksitosin ɗin da za ki riƙa yi wa mai jego don tsayar da jini, duk 'yan gida ɗaya ne. Akwai kuma fiye da 100 da har yau ana neman saƙon da suke karɓa. Can ne masu neman magani suka zuba ido.

Abin da ke ba ni mamaki kullum shi ne yawancin magungunan nan an same su ba tare da an taɓa ganin siffar makarɓin ba. James Black na Birtaniya ya samar da propranolol a shekarun 1960 da tunani da gwaji kawai. Ganin siffar ya yi wuya saboda furotin ɗin a cikin maiƙo yake rayuwa, da an ciro shi sai ya lalace, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, kullum cikin motsi yake. Sai a 2000 aka fara samun cikakkiyar siffar ɗaya daga cikin dangin, daga idon saniya. Na beta-2 sai 2007, a hannun Brian Kobilka da abokan aikinsa, bayan kusan shekara ashirin yana bin sa. A 2011 suka kama shi a daidai lokacin da yake miƙa saƙo ga furotin G. Abin da ya taimaka wajen riƙe shi ya tsaya cik shi ne wani ƙaramin sinadarin garkuwar jiki daga lama, 'yar'uwar raƙumi ta Kudancin Amurka, kuma a jinin raƙumi aka fara gano irinsa a Beljiyam. Duk lokacin da na ga raƙuma sun shigo gari da kaya sai na tuna. Kobilka da malaminsa Robert Lefkowitz suka karɓi lambar Nobel a 2012.

To, ina kwamfuta ta shigo? Farko dai a wajen siffa. Masana sun yi shekaru tun 1971 suna tara siffofin furotin da suka gano da hannu a rumbu guda. Kamfanin DeepMind na Landan ya ciyar da wata manhaja mai suna AlphaFold da kusan 170,000 daga cikinsu, har ta koyi yadda jerin sinadaran furotin ke naɗewa ya zama siffa. A 2020 ta ba kowa mamaki a gasar hasashen siffa, a 2022 kuma aka saki hasashenta na furotin fiye da miliyan 200 kyauta a intanet. Demis Hassabis da John Jumper sun sami rabin Nobel ta 2024 a kan wannan, David Baker ya sami ɗaya rabin. Ki buɗe shafin AlphaFold a wayarki ki nemi beta-2. Za ki ga murɗaɗɗun sanduna bakwai a tsaye cikin launin shuɗi, su ne suka ratsa tantani, ga kuma wutsiya tana lilo cikin launin lemo. Shuɗi na nufin manhajar ta tabbata, launin lemo na nufin ita ma cankewa ta yi. Ina girmama ta a kan wannan gaskiyar da take faɗa.

Na biyu, tankaɗe. In an san siffar ramin da saƙo ke zama, sai kwamfuta ta ɗauki hoton sinadari, ta jujjuya shi a ramin, ta auna ko zai zauna daram, ta ba shi maki, ta ɗauki na gaba. A 2019 ƙungiyar Brian Shoichet ta San Faransisko da ta Bryan Roth ta Karolina ta Arewa suka gwada sinadarai miliyan 138 a kan makarɓin dofamin mai suna D4. Yawancinsu ba a taɓa haɗa su a duniya ba, a lissafi kawai suke. Suka zaɓi 549, wani kamfani a Yukren ya haɗa musu, aka gwada su a ɗakin bincike, aka sami sababbin nau'o'i 81 masu kama makarɓin. Wannan tankaɗen asalinsa lissafin kimiyya ne tsantsa. Basirar na'ura tana shigowa ne don rage aiki: a gwada kaɗan, ta koyi kamannin masu cin maki, ta nuna inda za a duba a cikin biliyoyin da suka rage. A 2024 mutanen nan suka sake gwaji don ganin ko siffar AlphaFold za ta iya tsayawa a madadin wadda aka gano da hannu. A kan wani makarɓin serotonin, kusan ɗaya cikin huɗu na sinadaran da aka zaɓa sun kama, ko da wace siffar aka yi aiki.

Na uku shi ne wanda ni mai farmasi na fi damuwa da shi: kada magani ya shiga gidan da ba a aike shi ba. Adirenalin kaɗai makarɓansa tara ne, kuma sun yi kama da juna sosai. Propranolol yana rufe beta-1 na zuciya, amma yana rufe beta-2 na huhu ma, shi ya sa ba a ba mai fuka shi. Akwai wani maganin atishawa mai suna terfenadine da aka janye daga kasuwa a ƙarshen shekarun 1990, don bayan makarɓin histamin yana toshe wata kafa a tantanin ƙwayoyin zuciya, bugun ya rikice. Yanzu ana horar da manhajoji su hango irin wannan haɗari tun sinadarin yana hoto.

Ga iyakarta kuma, ki riƙe. Makarɓi yana da siffar hutu da siffar aiki, AlphaFold kuwa galibi ɗaya take bayarwa. Kuma kama makarɓi a ɗakin bincike matakin farko ne kawai. Ko hanji zai tsotse shi, ko hanta za ta rusa shi kafin ya isa, ko zai taɓa ƙoda, wannan sai jiki ya faɗa.

TAMBAYA: Ɗana, ina gaisuwa. Jikana ne ke rubuta mini. Na haura shekara sittin da biyar, na daɗe ina shan atenolol saboda tansiyo. Yaron nan ya nuna mini talla a waya, wani ruwa ne a kwalba, wai kwamfuta ce ta haɗa shi a ƙasar waje, kwalba uku jika arba'in da biyar, tansiyo ta tafi har abada. Na gaji da haɗiyar ƙwaya kowace safiya. In bari in sayi wancan?
Dattijo, daga Birni

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kada ku saya, kuma don Allah kada ku bar ƙwayarku ko da na kwana biyu.

Na tsaya na dubi duk abin da ke jere a farmasina kafin in ba ku amsa. Babu ko ɗaya a ciki da na'ura ta gano. Dalili kuwa, na'ura tana gajarta farkon tafiya ne kawai. Bayan ta nuna sinadari, sai an gwada shi a dabba, sannan a mutane kaɗan masu lafiya, sannan a marasa lafiya ɗaruruwa, sannan dubbai. Tafiyar kan ci shekara 10 zuwa 15, kuma cikin kowane 10 da suka kai ga gwajin mutane, kusan 9 a hanya suke faɗuwa. Ga misali. A farkon 2020 kamfanin Exscientia na Ingila da Sumitomo na Japan suka ba da sanarwar wani magani mai lamba DSP-1181, wanda ke aiki a kan makarɓin serotonin don masu ciwon waswasi. Sun ce cikin ƙasa da wata 12 suka tsara shi da taimakon na'ura, aikin da kan ci shekaru. Duniya ta yi ta shewa. Bayan zagayen farko na gwajin mutane aka ajiye shi, bai kai kasuwa ba. In manyan kamfanoni masu dukiya haka ta kasance musu, mai kwalba uku a waya kuɗinku kawai yake so. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani 10 a ƙasashe irin namu jabu ne ko mara inganci, kuma irin wannan talla ƙofarsu ce.

Batun barin atenolol kwatsam shi ya fi tayar mini da hankali. Tsawon shekarun da kuka yi kuna sha, ƙwayoyin zuciyarku sun ga an rufe musu makarɓai, sai suka ƙaro wasu. Ranar da kuka daina rana tsaka, adirenalin zai tarar da su duka a buɗe. Zuciya ta ɗauki gudu, jini ya hau fiye da da, mai ciwon zuciya a ɓoye yana iya faɗuwa. In za a bari, likita ne ke ragewa sannu a hankali.

Amma akwai abin da ya dace ku tambayi likitanku. An daɗe da lura cewa mu baƙar fata, in hawan jini ne kaɗai ba tare da ciwon zuciya ba, dangin atenolol ba su cika saukar mana da shi kamar amlodipine ba. A 2019 aka buga sakamakon wani gwaji mai suna CREOLE, wanda Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida da mutum 728, ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi saukar da jini. Wataƙila akwai dalilin da ya sa aka ɗora ku a kan atenolol, likitan ne ya san zuciyarku. Ku tafi da ordonansinku ku tambaya. A gida kuma a rage muku gishiri da dunƙulen ɗanɗanon miya da kanwa.

TAMBAYA: Dokta, ɗana ya faɗo daga babur ya karye, aka ba shi tramol don zafi. Ƙafa ta warke, shi bai bar ƙwaya ba. Yanzu ta bakin titi yake saya, sau biyu yana faɗuwa yana karkarwa. Na ji an ce kwamfuta za ta kawo maganin zafi wanda ba ya kama mutum. Gaskiya ne? Ko akwai wanda zai cire masa wannan?
Uwa, daga Garin Malam

AMSA: 'Yar'uwa, sannu. Allah ya shirya mana, ya ba shi lafiya. Na karanta saƙonki fiye da sau ɗaya, don iyaye da yawa sun tsaya a gabana da wannan maganar.

Ɗanki ba lalacewa kawai ya yi ba, jikinsa ne ya canja. Tramol, bayan hanta ta sarrafa shi, yana kama makarɓin da morfin ke kamawa, wanda ake kira miyu. Wannan makarɓi guda shi ke kashe zafi, shi ke kawo jin daɗi, shi ke rage numfashi, shi ke ɗaure ciki. In ana ta buga shi kullum, jiki yakan dushe shi, ƙwayar da ta isa jiya ta kasa yau. Ga shi na asibiti miligiram 50 ne ko 100, na titi kuwa har 200 da 225 ake samu. Faɗuwa da karkarwar da kika gani farfaɗiya ce da yawan tramol ke kawowa, kuma tana iya kisa.

Masana sun daɗe suna mafarkin raba kashe zafi da sauran. A 2016 aka tankaɗe sinadarai fiye da miliyan 3 da kwamfuta a kan siffar makarɓin miyu, aka fito da wani mai suna PZM21. Tunanin shi ne ya tayar da furotin G kawai, ya ƙyale wani furotin mai suna arestin da ake zargi da kawo illa. A ɓerayen farko ya kashe zafi kuma bai danne numfashi sosai ba. Bayan shekara biyu masana a Biristol ta Ingila suka sake gwajin, suka tarar yana danne numfashi, kuma jiki yana sabawa da shi. Kwamfuta ta yi aikinta, ta nemo abin da aka ce ta nemo. Fahimtar mutane game da makarɓin ce ba ta cika ba. A Janairun 2025 Amurka ta amince da wani sabon maganin zafi, suzetrigine, wanda bai taɓa makarɓin miyu ba sam, wata kafa yake toshewa a jijiyoyin da ke ɗaukar zafi. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai, ko da yake aikin shekaru masu yawa ne na mutane, kuma don zafi na ɗan lokaci aka yi shi, ba don cire wanda ya riga ya kamu ba.

Don haka kada ki jira. Kada kuma a ɗaure shi a ɗaki a ce ya bari rana ɗaya, don zai sha azabar ciwon jiki da gumi da gudawa da rashin barci, yawanci kuma komawa suke yi. Ki samu kawunsa ko wani babba da yake jin nauyinsa, ku kai shi asibiti wurin likitan da ke duba masu shaye-shaye, a rage masa bisa tsari. Ku faɗa wa likitan maganar faɗuwar nan tun farko. In kika tarar da shi ba ya farkawa, numfashi ya yi ƙasa, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, ku ruga asibiti nan take, akwai allurar naloxone da ke ture ƙwayar daga makarɓin.

TAMBAYA: Malam, ni mai sayar da sassaƙe da saiwa ne, gado na yi. Wannan na'ura za ta kashe mana sana'a ne, ko za ta iya duba itatuwanmu?
Mai magani, Kasuwar Dole

AMSA: Malam, barka da kasuwa. Itatuwa sun riga kwamfuta sanin makarɓan nan. Goron da ke aljihunku yana hana barci ne don sinadarinsa yana toshe makarɓin adenosin, mai gaya wa ƙwaƙwalwa ta gaji. Shayin 'yan fada ma haka. Zaƙami yana ɗauke da atropin, wanda ke toshe wasu makarɓai biyar 'yan ɗaki ɗaya. Gwargwado kaɗan da aka auna yana ceton wanda ya sha maganin ƙwari, da yawa kuma yana haukatarwa har ya kashe. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke bayarwa yau daga wata 'yar'uwar tazargade ta ƙasar Sin ya fito, kuma Tu Youyou ta sami Nobel a 2015 a kansa.

Sai dai na'ura ba ta san sassaƙe ba, hoton sinadari kawai ta sani. Sai masanin haɗa sinadarai ya tace abin da ke cikin saiwar, ya gano siffarsa, ya rubuta, sannan a iya gwada shi. Itatuwanmu da yawa ba a yi musu wannan aiki sosai ba. Abin da ke hannunku shi ne ku sa ɗanku ya rubuta: wace itaciya, wane sashe, a wane lokaci ake ɗiba, nawa ake sha, wa ya ji sauƙi, wa ya yi amai. Har wanda bai yi aiki ba a rubuta. In wani ya zo neman wannan ilimi, a yi yarjejeniya a rubuce, don akwai yarjejeniyar Nagoya ta 2010 da ta tanadi a raba amfani da masu ilimin gado. Ina kuma roƙonku ku riƙa tambayar mai saye ko yana shan maganin asibiti.

TAMBAYA: Kawu, na gama karatun kwamfuta a Jami'ar André Salifou, ba aiki, kullum muna fada. Wannan harka ta burge ni. Daga Damagaram, da tsohuwar kwamfutar hannu da kuran mai ɗaukewa, mutum zai iya taɓa wani abu?
Matashi, daga Sabon Gari

AMSA: Ɗana, za ka iya, kuma ina son ka yi, don akwai gurbin da ba wanda zai cike mana shi.

Na'ura abin da aka ciyar da ita take sani. Wani nazari na 2019 ya nuna kusan kashi 78 cikin 100 na mutanen da ke cikin manyan binciken ƙwayoyin gado 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kusan kashi 2, alhali a Afirka bambancin ƙwayoyin gado ya fi yawa. Makarɓanmu ba lallai su zama daidai da nasu ba. Akwai wani mai suna Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jini, ɗan dangin masu sanduna bakwai ɗin nan, wanda ƙwayar zazzaɓi ta bibaks ke kamawa ta shiga. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da shi a jajayen ƙwayoyinsu, saboda canjin harafi ɗaya a ƙwayar gado, shi ya sa wannan nau'in zazzaɓi ya yi ƙaranci a wajenmu. Nau'in da ke kashe mana yara kowace damina, falsifarum, ta wani furotin mai suna basijin yake shiga, kuma an gwada rigakafin da ke tare wannan hanya a Nanoro ta Burkina Faso. Kamfanonin da ke zuba biliyoyi sun fi duba ciwon daji da ƙiba da suga, inda kasuwa take. Zazzaɓi da amosanin jini da tsargiya sai mun tsaya musu da kanmu.

An fara kuwa. A Jami'ar Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, Kelly Chibale ɗan Zambiya ya kafa cibiyar H3D a 2010, ta fitar da maganin zazzaɓi da ya kai gwajin mutane. A 2023 suka buga aikin da suka yi da wata ƙungiya mai suna Ersilia, manhajojin hasashe da aka horar da bayanan cibiyar kanta, waɗanda ba sa buƙatar babbar kwamfuta, kuma kyauta suke. Rumbun AlphaFold kyauta ne, haka ChEMBL da PubChem masu bayanan sinadarai, haka manhajojin RDKit da AutoDock Vina da za ka yi aiki da su. Abin da zai fi ba ka wuya ilimin sinadarai ne da na jiki, don mai kwamfuta da bai san su ba yakan yarda da duk makin da ya gani a allo. Ka nemi abokin tafiya cikin ɗaliban likitanci ko na kimiyyar sinadarai a jami'arku.

Ga aikin farko. Ka sauke siffar beta-2 ta 2007, lambarta 2RH1. Ka tara magunguna kamar ashirin da aka san suna kama shi, irin su propranolol da timolol da salbutamol, ka cakuɗa su da wasu ɗaruruwa masu kusan nauyinsu da ba su da alaƙa da shi. Ka sa Vina ta tankaɗe, ka ga ko za ta ɗago na gaskiyar sama. Ka lura da kyau ko masu rufewa sun fi masu tayarwa cin maki, don siffar 2RH1 an ɗauke ta ne tana riƙe da mai rufewa. Sannan ka maimaita da 3SN6, siffar aiki ta 2011, da ta AlphaFold, ka jera sakamakon uku. Sinadarai 'yan ɗaruruwa ba su fi ƙarfin kwamfutarka ba, ka dai riƙa adana aikin kashi-kashi saboda kuran. In ka gama ka aiko wa mujalla da teburin, za su miƙo mini, mu duba tare a wannan fili.